Bashin Jiya a Ma'aunin Yau: Tsohon Laifi da Hukuncin Riƙe Bindiga a Amurka

Gabatarwa

Mu ƙaddara an gurfanar da mutum biyu gaban alƙali ɗaya, a rana ɗaya, a wata kotun tarayya ta ƙasar Amurka. Kowannensu an same shi da bindiga ƙwaya ɗaya a cikin ɗakinsa, alhali doka ta hana shi riƙe ta. Babu wanda ya harba, babu wanda ya nuna wa wani bakinta, babu wanda ya fito da ita ko da ƙofar gida. Na farko ya tashi da ɗaurin shekara 2. Na biyu kuwa aka yanke masa shekara 15, kuma ko da alƙalin ya so ya sassauta masa, doka ba ta ba shi wannan dama ba. Abin da suka aikata a wannan karo iri ɗaya ne. Abin da ya raba su wata takarda ce da ke ajiye a kundin kotu, mai ɗauke da laifuffukan da na biyun ya yi a baya, waɗanda tuni aka hukunta shi a kansu, ya kuma gama zaman gidan yarinsu.

Tambayar da wannan bambanci ya haifar ta girmi Amurka da dokokinta. Idan mutum ya yi laifi, aka hukunta shi, ya biya abin da aka ce ya biya, shin al'umma tana da haƙƙin sake buɗe tsohon littafinsa ranar da ya sake yin tuntuɓe? In tana da wannan haƙƙi, ina iyakarsa? Bahaushe ya ba da amsa iri biyu, bai kuma damu da sasanta su ba. Ya ce hali zanen dutse ne, ya kuma ce abin da ya wuce ya wuce. Na zaɓi dokar Amurka ne saboda a can aka ɗauki amsar farko aka rubuta ta da alƙaluma, aka shafe shekara 40 ana gwada ta a kan rayukan mutane, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yi ta komawa kanta tana ƙoƙarin gyara mata zama. Matsayin da zan kare shi ne cewa tsohon laifi ya cancanci a saurare shi a matsayin shaida, amma bai cancanci a ɗora shi a kujerar alƙali ba.

Yadda Dokar Take

Tun daga dokar taƙaita mallakar bindiga ta 1968, duk wanda aka taɓa samu da babban laifi, wato laifin da hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, ya rasa damar riƙe bindiga ko harsashi. Wanda ya karya wannan hani, iyakar abin da za a iya yanke masa a da shi ne shekara 10, kafin a ɗaga shi zuwa 15 a 2022. Wannan rufi ne. Alƙali yana da sarari mai faɗi a ƙarƙashinsa.

A 1984 majalisar dokokin ƙasar ta ƙaro wata doka, ta riƙaƙƙun masu laifi masu ɗauke da makami, wadda lauyoyin can ke taƙaita sunanta da ACCA. Sanata Arlen Specter, wanda ya taɓa zama babban mai gabatar da ƙara na birnin Filadelfiya, shi ne ya yi mata jagora. Da farko fashi da fasa gida kawai ta ambata. A 1986 aka faɗaɗa ta ta haɗa da sauran laifuffukan tashin hankali da manyan laifuffukan fataucin ƙwaya. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne: wanda aka kama da bindiga alhali an hana shi, in yana da irin waɗannan laifuffuka guda 3 a baya, waɗanda ya aikata a lokuta daban-daban, to mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 15 ne, kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Abin da yake rufi ga wani, ga wannan ya zama daɓe.

Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na ɗaya, dokar ba ta san tsufan laifi ba. Wanda aka yi shekara 30 da suka wuce nauyinsa ɗaya da na bara. Na biyu, ba ta tambayar abin da mutum ya yi niyyar yi da bindigar. Ko a aljihunsa aka same ta a bakin banki, ko a ƙasan akwati ta yi tsatsa, lissafin ɗaya ne.

Hujjar Tsoro

Rashin adalci ne a ce waɗanda suka rubuta wannan doka mugunta ce ta ja su. A 1972 Marvin Wolfgang da abokan aikinsa biyu sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a Filadelfiya. Sun gano cewa kimanin kashi 6 cikin 100 na yaran su ne suka aikata fiye da rabin dukan laifuffukan da aka rubuta wa rukunin baki ɗaya. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka a fili yake: in tsirarun mutane ne ke haddasa mafi yawan ɓarna, to a gano su, a killace su, gari ya huta. Rigakafi ya fi magani.

Wannan hujja tana da ƙarfin da bai kamata a raina ba. Bindiga ba ta da baki ɗaya a hannun kowa. A hannun maharbi abin neman abinci ce, a hannun wanda sau uku yana tare mutane da makami kuwa wani abu ce dabam, ko da ƙarfen iri ɗaya ne. Wanda aka taɓa ɗora wa bakin bindiga a ƙirji, in ya ji cewa mutumin nan ya fito ya sake samun wata, ba wanda zai ce masa tsoronsa wauta ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle a ce macijin ne da kansa ya dawo. Mu da muka ga yadda bindiga ta tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, muka kuma ji muhawarar da aka yi ta yi a kan ko za a yarda da tuban waɗanda suka ce sun ajiye makami, ba ma buƙatar a fassara mana wannan fargaba.

Saboda haka na yarda da mataki na farko ba tare da jinkiri ba. Al'umma tana da haƙƙin ta ce wa wanda ya taɓa cutar da mutane da ƙarfi: ba mu amince ka riƙe makami ba. Wannan hani ya fi kama da matakin tsaro, kamar yadda ake karɓe lasisin tuƙi daga direban da ya yi ta kaɗe mutane. Wanda kuma ya san an hana shi, ya je ya nemo bindigar, ya yi laifi na gaske. Gardamar tana farawa ne a mataki na biyu, inda ake tambayar nawa ne kuɗin wannan laifi, kuma wa zai faɗi farashin.

Hujjar Bashin da Aka Biya

Akwai wata tsohuwar fahimta game da hukunci, wadda masanin falsafar Jamus Immanuel Kant ya fi kowa tsayawa a kanta, cewa ana hukunta mutum ne saboda abin da ya aikata, gwargwadon abin da ya aikata, kuma bai halatta a mai da ɗan Adam abin amfani don cimma wata manufa ta jama'a ba. In aka bi wannan fahimta, hukunci kamar bashi ne. Yana da adadi, kuma in an biya shi ya biyu. Wanda ya yi shekara 8 a gidan yari saboda fasa shago ya sauke wannan nauyi. In daga baya aka ba shi shekara 15 a kan laifin da wani zai sha shekara 2, to shekara 13 ɗin da ke tsakani na mene ne? In na bindigar ne, me ya sa ba a ba wancan ba? In na fasa shagon ne, ai an riga an karɓa.

Kundin tsarin mulkin Amurka da kansa ya hana a hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya. Kotun Ƙoli ta daɗe da ba da amsarta, kamar yadda ta yi a shari'ar Gryger ta 1948, inda ta bayyana cewa ƙarin hukuncin na sabon laifin ne, wanda maimaitawa ta ƙara masa muni. A fagen shari'a wannan amsa ta rufe magana. A fagen tunani kuwa tsugunne ba ta ƙare ba, domin sai an nuna ta wace hanya maimaitawa ke ƙara wa laifi muni.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na masanin hukunci Andrew von Hirsch. A ganinsa, wanda ya yi laifin farko al'umma tana yi masa rangwame, domin ɗan Adam ajizi ne, kuma ana kyautata zaton cewa tsawatarwa za ta ishe shi. In ya sake, rangwamen ya ragu. In ya kuma sakewa, rangwamen ya ƙare, sai ya biya cikakken farashin laifinsa. Wannan ya dace da abin da kowane mai tarbiyya ya sani: uba ba ya ɗaukar ƙaryar farko da ta biyar da nauyi ɗaya. Amma a lura da iyakar da ke cikin wannan bayani. Abin da tsohon laifi zai iya yi shi ne ya cire rangwame. Ba zai iya ɗaga farashi ya wuce darajar kayan ba. In riƙe bindigar da ba a harba ba bai kai shekara 15 a karan kansa ba, to babu adadin tsofaffin laifuffukan da zai kai shi can da sunan sakayya. Abin da ya haura, da sunan tsoro aka ƙara shi, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Ɗaure mutum saboda tsoron abin da zai yi gobe kuwa yana da tasa matsalar. Binciken Filadelfiya ya gano tsirarun nan ne bayan sun riga sun aikata abin da suka aikata. Waiwaye abu ne mai sauƙi, hange ne mai wuya. Ƙari a kan haka, cikin abubuwan da masu nazarin laifuffuka suka fi yin ittifaƙi a kansu akwai cewa aikata laifi yana kai ƙololuwa ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru ashirin, sannan ya yi ta raguwa. Kafin mutum ya tara hukunci uku, ya yi zamansu, ya fito, sau da yawa ƙuruciyar da ta ingiza shi ta riga ta wuce. Sai ya zama dokar da aka yi don matashi mai zafin kai ta fi kama dattijon da ya fara furfura.

Wane Laifi ne na Tashin Hankali?

Ko da an yarda da manufar dokar, sai an san abin da ake ƙirgawa. A nan ne kotunan Amurka suka sha wuya. A shari'ar Taylor ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce alƙali ba zai koma ya binciki abin da mutum ya yi a zahiri a tsohon laifinsa ba. Zai duba ne kawai yadda dokar jihar da ta hukunta shi ta siffanta laifin. An yi haka da kyakkyawar niyya, don kada a sake shari'ar abin da shaidunsa suka watse. Amma sakamakonsa shi ne mutum biyu da suka yi abu iri ɗaya a jihohi biyu suna iya samun makoma dabam, saboda bambancin kalmomin da 'yan majalisar jihohinsu suka zaɓa. Haka nan wanda ya fasa rumbun ajiya da babu kowa a ciki, da wanda ya faɗa wa iyali suna barci, sai a yi musu kuɗin goro.

Dokar ta kuma zo da wata jimla mai faɗin baki, wadda ta haɗa da duk laifin da ke ɗauke da babban haɗarin jikkata wani. Tsakanin 2007 da 2011 kotun ta yi ƙoƙarin fassara wannan jimla har sau huɗu. Ta ce yunƙurin fasa gida ya shiga, tuƙi cikin maye bai shiga ba, ƙin kai kai gidan yari a ranar da aka sa bai shiga ba, tsere wa 'yan sanda a mota ya shiga. A 2015, a shari'ar Johnson, ta haƙura. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ba a san shi da tausasa wa masu laifi ba, shi ne ya rubuta hukuncin da ya soke jimlar, bisa dalilin cewa ta yi duhun da talaka ba zai iya sanin abin da ta hana ba, alƙalai kuma kowa yana fassara ta yadda ya ga dama. A 2021, a shari'ar Borden, kotun ta ƙara da cewa laifin da aka yi da ganganci, ba da nufin cutar da wani ba, ba ya shiga lissafi.

Akwai abin lura a shari'ar Johnson da bai kamata a ɓoye ba. Samuel Johnson ba mutumin da za a tausaya wa ba ne. Mai aƙidar fifita farar fata ne a jihar Minesota, wanda ya nuna wa jami'an sirri bindigarsa ƙirar AK-47 da tarin harsasai, ya kuma yi maganar kai hari a kan ofishin jakadancin Meziko. In akwai wanda aka yi dokar dominsa, shi ne. Duk da haka kotun ta ba shi gaskiya a kan wannan batu, domin ma'aunin da aka auna shi da shi karkatacce ne. A nan nake ganin darajar shari'a take. Ma'aunin da aka bari ya karkace don a kama mugu, gobe da shi za a auna wanda bai kai shi mugunta ba.

Ƙidaya da Tsawon Zamani

A wani dare na 1997, William Dale Wooden ya shiga wani ginin ajiyar kaya a jihar Jojiya, ya riƙa fasa bangon da ke tsakanin ɗakunan yana wucewa daga wannan zuwa wancan, har ɗaki 10. Aka tuhume shi da laifi 10, ya amsa, aka ɗaure shi. A ƙarshen 2014 wani ɗan sanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa a jihar Tenesi, ya nemi a bar shi ya shigo saboda sanyi. Wooden ya bar shi, ɗan sandan ya ga bindigogi a cikin gidan. Jami'an da ke ba kotu shawara a kan hukunci sun fara ba da lissafin wata 21 zuwa 27. Da masu gabatar da ƙara suka ce daren nan ɗaya lokuta 10 ne daban-daban, sai hukuncin ya koma wata 188, kusan shekara 16. Sai a 2022 dukan alƙalan Kotun Ƙoli 9 suka amince cewa ba haka ba ne. Mai shari'a Elena Kagan ta bayyana cewa abin da aka yi a dare ɗaya, a wuri ɗaya, da niyya ɗaya, lokaci ɗaya ne a bakin kowane mai magana da hankali.

Mai karatu ya dubi abin da ya rataya a kan fassarar kalma guda: kusan shekara 14 na rayuwar mutum. Kuma dalilin da ya sa adadin lokuta ke da muhimmanci ya koma kan bayanin rangwamen nan. Abin da ke ƙara wa maimaici nauyi shi ne an tsawatar masa, ya sami damar tunani, ya sake zaɓar ɓarna. Wanda ya fasa ɗaki 10 a dare ɗaya zaɓi ɗaya ya yi. Mugun dare ne, amma bai isa a kira shi sana'a ba.

Shari'ar Paul Erlinger ta jihar Indiyana ta fito da ɓangaren zamani. Laifuffukan da aka ɗora masa a ƙarshe fasa shaguna ne da gidajen abinci da ya yi cikin 'yan kwanaki yana ɗan shekara 18, kimanin shekara 26 kafin a tuhume shi da riƙe bindiga. Alƙaliyar da ta yanke masa shekara 15 ta faɗa a fili cewa hukuncin ya yi yawa, kuma da an bar ta da ra'ayinta shekara 5 za ta ba shi. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tambayar ko laifuffukan sun faru a lokuta daban-daban, talakawan da ke taya alƙali yanke hukunci ne za su amsa ta, kuma sai hujja ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana.

Wannan gyara ne mai kyau, amma bai taɓa ainihin ciwon ba. Shin mutum mai shekara 44 shi ne yaron nan ɗan shekara 18? A suna da zanen yatsa, shi ne. A hali kuwa, shekarun da ke tsakani su ma shaida ne. Dokar da ta saurari 'yan kwanaki na ƙuruciya, ta toshe kunne ga shekara ashirin da suka biyo baya, ta karanta shafi ɗaya ne ta rufe littafin. Akwai kuma abin da take faɗa wa duk wanda ya fito daga gidan yari da niyyar gyarawa: kome ka yi, tabon nan ba zai goge ba. Al'ummar da ke son mutane su tuba, bai kamata ta fara da gaya musu cewa tuban ba shi da daraja a ma'auninta ba.

Shaida da Alƙali

Me ya rage, in an tace waɗannan hujjoji? A ganina tsohon laifi yana iya yin aiki uku na halal. Yana iya zama dalilin hana mutum makami. Yana iya cire masa rangwamen da ake yi wa mai tuntuɓen farko. Yana kuma iya taimaka wa alƙali ya fahimci ma'anar bindigar da aka kama: wanda ya fito bara daga ɗaurin fashi, aka same shi da bindiga cike da harsashi a mota da tsakar dare, tarihinsa yana fassara halin da aka same shi a ciki. Duk waɗannan ayyukan shaida ne. Shaida kuwa ana yi masa tambayoyi. Yaushe abin ya faru? An zubar da jini? Shekarunsa nawa a lokacin? Me ya yi da rayuwarsa tun daga nan? Hukuncin dole na shekara 15 ya hana a yi wa wannan shaida ko da tambaya ɗaya.

Abin mamaki shi ne Amurka tana da wani ma'auni a hannunta da ya fi wannan hankali. Jadawalin da alƙalan tarayya ke dubawa wajen yanke hukunci yana fara laifin riƙe bindiga ga wanda aka hana daga mataki na 14, ya hau zuwa 20 in akwai tsohon laifin tashin hankali ɗaya, ya kai 24 in biyu ne. Yana kuma daina ƙirga tsofaffin hukunce-hukunce in sun wuce wani wa'adi, wanda ga manyan laifuffuka shekara 15 ne. Tun 2005 wannan jadawali shawara ce ga alƙali, yana iya kauce masa in ya bayyana dalilinsa. Wannan matakala ce, ana hawa ta taki-taki. Dokar 1984 kuwa rami ce: wanda ke da laifi biyu yana bakin gaɓa, mai uku ya faɗa.

Za a ce da ni, barin abu a hannun alƙalai shi ne ke kawo son rai, wani ya sassauta wa wanda ya yi kama da shi, ya tsananta wa bare. Wannan gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro hukunce-hukuncen dole tun farko. Sai dai ikon zaɓi ba ya mutuwa don an ƙwace shi daga alƙali. Wurin zama kawai yake sauyawa. A tsarin da fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in tarayya ke ƙarewa da amsa laifi ba tare da an kai ga sauraron shaidu ba, zaɓin yana komawa hannun masu gabatar da ƙara, waɗanda ke yanke shawarar wa za a kai kotun tarayya, wa za a bari a ta jiha, da wace tuhuma za a shigar. Alƙali yana yin nasa zaɓin a bainar jama'a, ya rubuta dalili, a iya ɗaukaka ƙara a kansa. Na mai gabatar da ƙara a ofis ake yin sa, ƙofa a rufe. In dole ne wani ya yi kuskure, na fi son wanda za a iya ganin kuskurensa.

Za a kuma ce, in alƙali ya sassauta wa mutum, ya fito ya kashe rai, wa zai ɗauki alhakin? Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma babu amsar da za ta share hawayen iyalan mamacin. Amma ɗaya kuskuren shi ma yana da nasa mamatan, sai dai ba a buga hotunansu a jarida: shekarun da aka binne na mutumin da ba zai sake cutar da kowa ba, da 'ya'yan da suka girma ba uba. Kuskuren farko yana da ƙara, na biyu shiru yake yi. Adalci yana buƙatar a ƙirga su duka biyu.

Kammalawa

Karin maganar nan da ta ce hali zanen dutse ne tana da rabonta na gaskiya, kuma wanda ya yi watsi da ita gaba ɗaya zai jefa bayin Allah cikin haɗari. Akwai mutanen da tarihinsu gargaɗi ne, kuma alƙalin da ya ga irinsu da makami ya kamata ya sami ikon tsananta musu har iyakar da laifin ya kai. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a mai da karin magana ta zama lissafi, a ce uku sau kaza daidai yake da shekara 15, ba tare da an ɗaga kai an dubi wanda ke tsaye a gaban kotu ba. Shari'o'in Johnson da Wooden da Erlinger duka ƙoƙari ne na mayar da ido da kunne cikin dokar da aka rubuta don ta yi aiki ba tare da su ba, kuma yawan komawar da kotu ke yi kanta alama ce cewa tun a tushe aka sami tsaguwa.

Gyaran ba mai wuyar faɗa ba ne. A sa wa tsohon laifi wa'adin da zai daina ƙirguwa in mutum ya zauna lafiya. A bambanta wanda ya taɓa jikin mutum da wanda ya taɓa dukiya. A bar alƙali ya sauka ƙasa da daɓen nan in ya rubuta hujjarsa, a kuma bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe ga wanda bai gamsu ba. Duk ƙasar da bindiga ta addabe ta za ta ji sha'awar rubuta doka mai tsauri irin wannan, domin tana kwantar da hankalin masu tsoro, tana kuma da sauƙin faɗa a dandalin siyasa. Kafin ta rubuta, ya kamata ta tuna cewa ranar da za a karanta hukuncin, mutum guda ne zai tsaya a gaban alƙali, da jiyansa da yau ɗinsa, kuma dukansu biyu suna da abin faɗa.